Makullin Sito

Makullin na wuyana, a zaren da ya yi baƙi.
Babana Nomau ya rataya min shi ran da ƙafa ta ƙi shi,
ya ce, "Riƙa. Kak ka bari shi yi tsatsa."

Kafin ya zama dandali, sito ne na auduga.
Jakuna kan yi layi tun asuba har bakin marina,
akawu da alƙalami a kunne, sikeli na cin rabonsa,
jirgin Ƙaura ya yi kuka, buhuna su bi shi kudu.
Ɗaga kanka ka gani: ƙugiyar tana nan a rufi
inda ma'auni ya shekara talatin yana lilo.

Da kasuwar auduga ta mutu, jemagu suka ci gado.
Damina bakwai suna mulki,
sai ga Malam Anaruwa na aji huɗu,
mai keken da ba birki,
ya ce ɗakin da ya auna gumin mutane
bashi ake bin sa, ya biya da dariya.
Aka yi gayya. Magina suka ɗaga dakali,
maƙera suka miƙe ƙyaure,
Hajo mai ƙosai ta ba da zannuwanta biyu
aka ɗinke su labule.
Tabon man gyaɗa bai fita ba har ya yage.

Daren farko Jatau ya fito a akawu,
ya taka sikeli da ɗan yatsan ƙafa yana kallon sama.
Wata tsohuwa ta cire takalmi ta jefe shi,
ta ce sai ya biya ta sule huɗunta.
Aka ce, "Iya, wasa na!"
Ta ce, "Wancan ma haka yac ce."

Majigi ya zo a motar gwamnati.
Likita na bayani a bango kan tafasa ruwa,
tsaka ta hau hancinsa ta zauna,
ba wanda ya ji sauran bayanin.
'Yan kama sun zo, mai kukuma ya kwana uku,
'yan makaranta sun yi muhawara: fartanya ko biro?
Shekarar da iska ta kwashe kwano
ta dasa shi a gonar dagaci,
ba a fasa ba,
taurari suka yi kallo ba su biya ba.

Sannan janareta, da ƙwallon ƙasashen da ba mu sani ba.
Naira ashirin kai ɗaya.
Guntun labule ya koma tsumman goge talabijin.
Malam Anaruwa ya rasu a wannan rani;
aka fitar da bencina don zaman makoki,
uku ba su dawo ba,
na san gidajen da suke, ban tambaya ba.

Bara, da dare, aka buga min ƙofa.
Mutanen ƙauyukan bayan daji ne,
da tabarmi, da tukwane, da shirun da ya fi kaya nauyi.
Ban nemi izinin kowa ba, na buɗe.
Dakalin wasa muka bar wa masu jego,
shi ne ba ya jin danshi.

Jiya na zo duba yoyo,
na tarar an kashe fitila.
Wata yarinya, Ige, da tocilan mai raunin batir,
ta haɗa yatsu a bango: ga zomo, ga kura.
Kura ta buɗe baki, zomo ya juyo ya yi tsaye,
kura ta ruga har cikin duhun kusurwa.
Yara suka fashe,
wata uwa ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.
Sautin ya hau har ƙugiya.

Kwamiti sun ce in lafiya ta samu
za a yanka wurin shaguna takwas.
To.
Ni dai yau da safe na ɗiga wa makullin mai.