Jan Fenti

Babana Ciril bai taɓa sare itace ba.
Shekara talatin da ɗaya a dajin Kočevje,
gwangwanin jan fenti a hagu, buroshi a dama,
sai ya tsaya gaban bishiya kamar mai gaida suruki,
ya ƙwanƙwasa ta, ya kasa kunne,
ya duba inda ɓawo ya tsage, inda ƙwaro ya yi gida,
ya shafa ja, ya wuce.
Masu zarto suna baya. Su ba sa tambaya.

Ni ce Nevenka, wadda ta bar daji ta tafi birni
neman abin da ido bai isa ya gani ba.
A Ljubljana, a ɗakin ƙasa inda na'ura ke gurnani,
muna daskarar da furotin cikin ƙanƙara
siririya kamar numfashi a jikin gilashi,
mu ɗauki hotonsa sau dubu ɗari
har duhu ya gaji ya ba mu siffa.

Daren Talata siffar ta fito.
Tadej ya ajiye kofinsa ya ce, kamar baka.
Na ce a'a, hannu ne.
Dogon hannu mai lanƙwasa.
Wannan ƙarshen yatsu ne masu lalube,
sun san furotin da ya tsufa,
da wanda ya naɗe a karkace,
da wanda ya gama aiki ya ƙi tashi daga kujera.
Wancan ƙarshen zobe ne da ƙwayar tutiya biyu suka ɗaure,
shi ke riƙe da mai ɗauke da fentin.
Tsakaninsu 'yar tazara.
Hannu ya rusuna, su haɗu.

Fentin ma ɗan furotin ne, ƙarami, ba inda babu shi.
Ɗigo ɗaya ba hukunci ba ne.
Sai an ɗaura wani kan wani, sarƙa ta kai huɗu,
sannan magana ta ƙare.
Can gaba ganga ce mai zobe huɗu da murfi:
ta karɓa, ta cire alamar ta mayar,
don a gidan nan ba a zubar da fenti,
ta warware tsohon kamar rigar sanyi da ta ƙoɗe,
ta datse zaren gunduwa-gunduwa,
gobe a saƙa wani da shi.

Ran Asabar na hau bas na kai masa hoton.
Hannunsa na rawa yanzu,
shayi na zuba kafin ya kai baki.
Likita na da dogon suna ga abin.
Ni gajeren na sani:
a wani lungu na kansa an daina zagaya daji,
abin da ya kamata ya faɗi yana nan tsaye,
busassu sun tare wa ɗanyu rana.

Ya kai takardar bakin taga, ya juya ta sama da ƙasa.
Ya ce, wa ke gaya masa wanda zai shafa wa?
Na fara dogon bayani, ya ɗaga yatsa.
Ya ce, yana kuskure?
Na ce yana yi. Amma akwai masu bin sawunsa,
su kankare alamar kafin ganga ta haɗiye.

Ya daɗe yana kallon dusar ƙanƙara a kan rumbun itace.
Ya ce, shekarar da aka haife ki,
da magariba, na gaji, na shafa wa wata lafiyayya.
Ban yi barci ba.
Da asuba na koma da wuƙa in kankare,
na tarar da kututture.
Na ƙirga zobenta, ɗari da sha tara.

Na riƙe masa kofin ya sha.
Gwangwanin na nan bayan ƙofa,
fentin ya bushe, buroshin na tsaye a ciki.