Jar Mota a Ikoyi

Ranar da aka sauke ta daga jirgi a Apapa
ni yaron gareji ne, ɗan shekara sha bakwai,
hannuna baƙi ƙirin da man inji.
Leburori suka ajiye buhunan shinkafa
suka tsaya kallo.
Wani ya ce, wannan ai kifi ne.
Wani ya ce, to ina mutum zai zauna?

Tsayinta bai wuce ƙuguna ba,
ja wur, kamar tattasai a faranti.
Ƙofofinta ba sa buɗewa gefe,
sama suke yi, kamar mai ɗaga hannu yana roƙo.
Maigidana Tanimu ya ɗaga gaba yana neman inji,
ya tarar da taya ɗaya da ɗan akwatin sifana.
Ashe injin na baya, daf da ƙeyar direba.
Ya rufe a hankali, ya ce:
Allah ɗaya, gari bamban.

Ta Cif Oyenuga ce.
Ba ya fita da ita da rana.
Ina amfanin gudu a Legas
inda danfo ke numfashi a wuyan danfo?
Sai ƙarfe ukun dare ya leƙo ɗakina:
Barau, taso.
Muka hau Gadar Eko.
Kukanta ya faro daga ƙasa, ya biyo ta ƙashin bayana,
fitilun titi suka haɗe suka zama zare guda,
masunta a ƙasa suka ɗago kai daga kwalekwale,
kafin su gan mu mun zama labari.
Ni ina ta salati,
shi yana dariya, hularsa a cinya.

Shekara ashirin na yi kwance a ƙarƙashinta.
Na san ta yadda uwa ke sanin tarin ɗanta.
Mai rikici ce, kada a yi mini ƙarya:
ba ta son rami, ba ta son ruwan Yuni,
in ta yi fushi
sai mun jira ƙarfe wata uku daga ƙetare.
Ta taɓa ƙona mini yatsa. Ga tabon.

Cif ya rasu.
'Ya'ya suna waje, lauyoyi suna ciki,
gida ya shekara tara a gaban alƙali.
Ita kuma tana ƙarƙashin tamfol,
iskar teku tana lasar ta da gishiri.
Tayoyin sun zauna.
Kyanwa ta haihu sau biyu a kujerar direba,
ban kore ta ba.

Suna cewa gado, gado.
Su je su raba katanga.
Ni na ga inda nata ya tafi.
Ina ganin hancinta a sababbin motocin Lekki,
ƙanƙance idon fitilarta, faɗin ƙugunta,
samarin da ke tuƙa su ba su san wa suka kwaso ba,
kamar jikan da ke tafiyar kakansa
bai taɓa ganin ko hotonsa ba.
Na ga yaro a Obalende yana jan motar waya,
ƙofarta ta gwangwani tana buɗewa sama.

Sai kuma Uwani.
Ita ke kawo mini abinci tana 'yar firamare,
ta zauna kan tsohuwar taya
tana zana ta a bayan littafin lissafi
har tuwona ya huce.
Yanzu tana wani shago a Yaba, su huɗu,
suna ƙera keke napep mai batir.
Ba ya gudu. Ba ya ma kuka.

Jiya da daddare ta bugo waya,
ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba:
Baba, me ya sa suka sa injin a baya?
Na ce, don nauyi ya zauna a tsakiya.
Ta yi shiru.
Na ji fensir yana tafiya a kan takarda.