Madubin Mai Aski

Shagona na kallon bututun masana'antar ƙarfe,
nan gaɓar tekun Wales.
Shekara biyu ke nan bututun bai yi tari ba.

Maza ba sa kallon idona.
Madubi suke wa magana, ni ina baya da almakashi.

Idwal na zuwa ran Talata.
Shekara talatin yana narka ƙarfe,
har yau ƙarfe biyar na asuba ke tashinsa,
ya cika fulas da shayi, ya ɗaure takalmin aiki,
ya je bakin teku ya zauna cikin mota.
Na ce, yaya gida?
Ya ce, lafiya lau.
Jijiyar wuyansa ta ƙaryata shi a ƙarƙashin yatsana.

Jikansa Gethin, ɗan sha shida,
ya bar makaranta kamar yadda ake manta laima a bas.
Ya miƙo waya: yi min irin askin wannan.
Wani ƙato ne jingine da jar mota,
yana koya wa yara cewa namiji kuɗi ne da ƙwanji,
hawaye kuwa na ragwaye.
Na yi masa.
Ƙeyarsa har yanzu ta yaro ce, da tabon faɗuwa a keke.

An ce mana ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.
Muka yi ta haɗiya
har wuri ya ƙare.

Rhodri sarkin barkwanci
ya biya ni ninki biyu ran Juma'a, yana dariya.
Ran Litinin aka tsinci motarsa kan gada, ƙofa a buɗe.
Mu shida muka ɗauki akwatinsa,
kowa na kallon takalminsa.
Da yamma muka yi hirar ƙwallo.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.
Ni da gemu ne abincina,
ko ƙauri ban ji ba.

Yanzu na rage saurin hannu.
In aski ya zo gaban goshi, inda ya fi zafi,
sai in kashe injin,
in sake tambaya: yaya gida, tsakani da Allah?

Jiya Idwal ya yi shiru har buta ta tafasa,
sannan ya ce: Emrys,
ban san me zan yi da hannuwan nan ba.
Na sa wa ƙofa sakata,
na ajiye almakashi,
na jawo kujera kusa da tasa.