Ramin Kuza a Ƙirjin Baba

Yatsunsa ne suka fara faɗa,
mu kuwa ba mu iya karatun yatsu ba.
Baba Jatau, mai gyaran agogo a bakin Taminus,
shekara talatin yana tsintar ƙusa
wadda ba ta kai ƙwayar acca ba,
wata Laraba ta suɓuce masa sau uku.
Kawunan yatsun sun yi kauri kamar makaɗin ganga,
farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali.
Ya yi dariya: "Tsufa ne ya zo karɓar haya."

Sai kafaɗa.
Muka ce sanyin Jos ne, wa bai san shi ba?
Inna ta gasa da ruwan zafi har tsumma ya gaji,
mai ɗori na Gangare ya lalube, ya ce ƙashi lafiya lau.
Sai fatar idon dama ta sauko rabi
kamar ƙofar shago lokacin salla.
Gefen fuskar nan ya daina gumi,
ɗayan yana jiƙa hula.

Tari? Ko sau ɗaya.
Taba? Ko goro sai an matsa masa.

A Lamingo, likita Nanret ta ɗaga hoton ƙirji ga fitila,
ta ɗora bakin biro can sama, kusa da wuya,
a kan wani farin dunƙule.
"Ciwon daji ne," in ji ta, "daga huhu."
Na ce, "Likita, kafaɗa muka kawo."
Ta ce, "Na sani.
Har ƙugun da yake ɗingishi da shi,
daga nan aka aika."

Baba ya riga mu ganewa,
shi da ya wanke kuza a Bukur yana yaro.
Ya ce, "Rami bakinsa a nan,
gonar da za ta rufta tana can gaba,
masara a tsaye a kai, kore shar,
mai gona bai san ƙasansa fanko ba ne."

Yanzu ramin ya kai kansa.
Jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa
da aka binne kafin a haife ni.
Na amsa.

Agogunan mutane goma sha ɗaya
suna cikin gwangwanin madara a gefen gado,
kowanne da lokacin da ya tsaya.
Da asuba ya buɗe idon da ya rage masa,
ya ce, "Ƙarfe nawa?"
Na zuba hannu, na ɗauko ɗaya,
na faɗa masa abin da na gani.