Haruffa Masu Ƙugiya

Ƙarfe biyun dare a unguwar majema,
wuta ta dawo kamar baƙon da ya yi ɓatan kai.
Na jawo tsohuwar kwamfutar yayana,
wadda batirinta bai kai tsawon alwala ba,
na aza ta bisa turmi a kife.

A cikinta akwai kakana, Modi Bube,
awa huɗu da 'yan mintoci:
hannunsa cikin ruwan bagaruwa,
ƙafarsa na tattaka fatar jar akuya,
yana tari, yana korar kaji,
yana faɗin abin da ba a rubuta ba ko'ina.

Manhajar masu kuɗi ta ce sai dala duk wata.
Ni da dala, sai dai ta Kano, ita ma a hoto.
Sai na sami wata
wadda mutanen da ban san fuskarsu ba
suka haƙa kamar rijiya,
suka bar guga a baki, ba kwaɗo, ba mai gadi,
suka ce: sha,
in igiya ta tsinke, ki ƙulla.

Na yanke tarin. Na mayar da shi.
Kakana babu tari wani mutum ne daban.
Na cire kukan babur,
na bar kiran azahar da ya ratso bayan maganarsa.
Na matse awa huɗu ta koma minti tara,
yadda yake matse fata har ta daina hawaye,
don datar mutane ba ruwan Rima ba ce.

Sai wajen rubutun ƙasan hoto.
Ya ce ɗaci, allo ya nuna ɗan akwati, sannan aci.
Ya ce ƙirgi, haka.
Ya ce ɓawo, haka.
Duk harafin da ya zo da ƙugiya
an tsare shi a bakin ƙofa
kamar ya riƙo makami.

Kwana uku ina fushi.
Ran na huɗu na tuna ba a ɗinke cikinta ba.
Na buɗe, na shiga,
kamar mai neman allura a rumbun gero,
layi bayan layi, zufar bazara na ɗiga a kan madannai,
har na iske inda aka manta da mu.
Ba ƙeta ba ce.
Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce, ga mu.
Layi biyu na ƙara. Biyu tak.
Na aika wa masu rijiya.

Wata ta amsa
daga garin da ake barci lokacin walaharmu.
Ta ce an karɓa,
ta tambayi yadda ake furta ɓ.
Na ce ta haɗe leɓe, ta ja iska ciki kaɗan.
Ban san ko ta iya ba.

Da asuba na ɗora.
Zaren lodi na rarrafe
kamar jakin da ya ɗauko albasa daga Kwalkwalawa.
Kashi saba'in, wuta ta ɗauke.
Da ta dawo, ya tashi daga inda ya durƙusa.

Na kai masa waya a bakin kwatarniya.
Ya goge hannu a walki, ya kanne ido, ya daɗe.
Ya ce, wanga tsoho ya iya aiki,
sai dai shina da surutu.
Ya ce, nawa kib biya?
Na ce, ko sisi.
Ya yi shiru, ya tashi, ya zaɓo ja wur, mai laushi.
Ya ce, ki kai musu hwata guda,
ba a shan ruwan mutane a tahi hakanan.

Tana nan rataye a bayan ƙofata,
wata biyu ke nan, tana ƙamshin man gyaɗa.
Har yau ban san gidan da zan yi sallama ba.