Zinarin da Ake Lasa

Kashe fanka, Barira.
Ja tagar da ke kallon titin Tudun Wada.
Garin nan ba ya shiri da iska,
ko numfashi sai an sato shi.

Kek ya kwana, ya huce,
lulluɓin sukari ya bushe sumul
kamar goshin jariri bayan wanka.
Taɓa da bayan yatsa. Ya kama ki?
Bai kama ba. To, miƙo kwalbar.

Ba ta kai babban yatsana ba,
amma kuɗinta ya haura tiyar shinkafa.
Burushi busasshe, mai laushin bayan mage,
bakinsa kawai za ki tsoma,
ki karkaɗe a gefen murfi sau biyu.
Abin da ya zube ya fi abin da ya rage,
abin da ya rage shi ne aikin.

Daga gefe ake farawa.
Kada ki danna.
Shafa, kamar mai korar ƙuda
daga fuskar wanda barci ya ɗauke.
Juya faranti, hannu ya tsaya.
In kin ga bai fito ba, sake bi;
wanda ya zuba da yawa
ba shi da hanyar komowa.

Kin sha yi mini dariya
don ina karanta jikin kwalba kullum,
kwalbar da na saya da hannuna
a shago guda cikin Gusau shekara huɗu.
Na ci ne ko na kallo?
Sai na gani da idona.

Ni 'yar ƙasar Anka ce, Barira.
Babanmu Nomau da buhu yake shigo da duwatsu,
a daka su a tsakar gida,
turmin dutse nan, turmin gero can,
taku uku tsakaninsu.
Ƙurar ta sauka kan tabarma,
kan murfin randa, kan faifan tuwo.
Da yamma in rana ta karkata
mu duka ƙyalli muke yi,
har akuya.
Mun ɗauka arziki ne ya fara shafar mu.

Ƙanena Sahabi shekararsa uku.
Komai ya tsinta sai baki.
Ranar da ya sanƙare a cinyar Inna
aka ce iska ce, aka yi hayaƙi.
Sai daga baya masu farar mota suka zo
suka ce dalma.
Suka kankare ƙasar gidanmu da shebur,
suka zubo wata daga nesa.
Ƙasa dai an sake ta.

Riƙe nan. Hannunki na rawa.
Furen can na sama bai samu ba,
bi bakin ganyensa kawai,
bar cikinsa fari, haske ya sami wurin zama.

Ga sallama. Sun zo da wuri.
Maman Mu'awiya ce, da shi a gaba,
yau ya cika biyar, hula har kunne.
Kafin a kawo kwali
ya miƙa yatsa, ya dangwalo gefe,
ya kai baki.

Hannuna ya tashi da kansa, Barira,
kin gani,
ya kai rabin hanya.
Uwar ta kama faɗa, tana ba ni haƙuri.
Na ce, bar shi, na ci ne.
Na ce, na duba.

Na shafe gurbin yatsan da burushi,
bai ɓace duka ba, na bar shi haka.
Suka fita, leɓensa na walƙiya.

Kunna fanka.
Wanke burushin da ruwan ɗumi, shanya shi a kife.
Kiran la'asar ke nan,
kuma ga shi a girata, a ƙasan farce,
alwala ɗaya ba ta fitar da shi.