Rigar Maraya

Ranar Litinin suka zo, bayan la'asar,
nan bakin Babbar Kasuwa,
inda kekena ya shekara talatin yana tari.
Nomau ne a gaba, mai shirya fim,
da tsohon littafi a hammata, bangonsa duk ya zube.
Ya ce labarin wani maraya ne a ƙasa mai sanyi,
an rubuta shi tun kakanninmu ba su ga mota ba.
Za su tumɓuko shi su dasa a Maradi,
kogin can ya koma Gulbi,
gidan marayun can ya koma kangon sito.

"Baba Jadi, ɗinka mana rigar maraya."

Na ɗinka. Akoko, wuya zagaye, aljihu guda.
Washegari ya dawo da ita yana girgiza kai:
"Ta cika kyau.
A yayyaga ta, a jiƙa ta da ruwan shayi,
a tumurmusa ta cikin toka,
mai kallo ya ga yunwa tun daga layin baya."

Na ce, yaro, zauna.
Uwata ta rasu ina goye,
ubana ya bi ta kafin a cire gyaɗar shekarar.
Gwaggo Tsahara ta riƙe ni a Bagalam
da kuɗin ƙuli-ƙuli.
Rigata ɗaya ce, ita ce ta Salla, ita ce ta lakwal,
amma ba ta taɓa kwana da huji ba.
In na yi barci sai ta zare ta daga jikina,
ta matso da aci-bal-bal,
ta yi mata faci ta ciki, ƙanana, kamar sawun tururuwa,
don kada Mushe ya gani,
don kada maƙwabta su ce wayyo.
Mu abin da muka fi tsoro ke nan: wayyo.

Ya saurara, ba laifi, yana da ladabi.
Sai ya ce, "Baba, kamara ba ta ganin rufin asiri."

To, jaka biyar ba ta faɗowa daga bisa.
Na ɗauki almakashi.
Ban taɓa sanin yaga na da wuya haka ba
ga hannun da ya saba haɗawa.

Wanda ya sa ta, Rabe ne, ɗan mai kantin siminti,
kumatu sumul, a mota ake kawo shi.
A shafa masa gawayi, a kanga masa albasa,
ya yi kuka, kuma wallahi ya iya.
In an ce tsaya, sai a miƙa masa lemu mai sanyi.
Ban ƙi yaron ba. Yana gaishe ni har ƙasa.

A ƙarshen littafin, in ji su,
wani kaka attajiri ke ɓullowa da takardar gado.
Na yi dariya har zare ya kuɓuce mini.
Ni nawa kakan na jira shi har furfura;
abin da ya zo keke ne, shi ma bashi.

Daren da aka haska shi a bangon gidan matasa
inji na ruri, mata na sharɓar hawaye,
ni ina can gefe, idona ƙamas.
Sai kamara ta matso kafaɗar yaron ta hagu.
Nan ne, inda ban gaya wa Nomau ba,
na bar faci guda, ta ciki,
ƙanana, sawun tururuwa.
Ya cika bango, ya fi ƙofar gida girma.

Ba wanda ya lura.
Na kusa da ni ya ce, "Tsoho, fim ne fa."
Na ce na sani,
hayaƙin injin nan ne.